Ƙugiyoyin Gida Mai Jan Rufi

Ranar Talata, takwas ga Afrilu, da ƙarfe tara da kwata na safe aka fara wannan zalunci. Na kawo ranar da lokacin ne don kada gobe wani ya ce ya manta. Masu bibiyar wannan shafi, ku daure ku karanta har ƙarshe, domin akwai maganar da har yau ba a gyara ba.

Akwai wani dattijo a layi na uku na unguwarmu, sunansa Okudaira Shigeru. Shekara talatin da biyar ya yi yana tuƙa bas ɗin cikin gari. A duk tsawon lokacin sau biyu kacal ya makara, kuma duka biyun girgizar ƙasa ce ta jawo.

Da ya ajiye aiki a watan Disamba sai ya rasa inda zai sa kansa. Ƙarfe biyar ya tashi, ya yi wanka, ya taje kai, ya zo ya tsaya a kicin yana kallon matarsa Tomie tana ɗora shinkafa.

"Baban Mika, matsa."

Ya matsa.

"Nan ma hanya ce."

In zai buɗe firiji sai ya ce, "Hattara, za a buɗe ƙofa." Tomie ta jure wata guda. A wata na biyu ta fara tambayarsa ko babu wani tsohon abokin aiki da yake son ziyarta, ko da a wani gari ne.

Wata safiya idonsa ya faɗa kan wuƙar da take gyara kifi da ita. Wuƙar aurensu ce. Shekara talatin da shida ana wasa ta, har ta koma siririya kamar ganyen albasa.

"Zan yi miki sabuwa," in ji shi.

"Za ka saya?"

"Zan ƙera."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "A ina?"

"A ɗakin ajiya na bayan gida."

"A waje ke nan? To madalla. Ƙera mini goma."

Sai ya haye kogi ya je wurin tsoho Nukui, maƙerin lauje na ƙarshe da ya rage a garinmu. Shekararsa tamanin da huɗu, kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan kuma abin da ya ga dama yake ji. Shigeru ya rusuna ya faɗi buƙatarsa.

"Wuƙa?" in ji Nukui. "Ka taɓa riƙe guduma?"

"Na taɓa kafa ƙusa, Baba."

"Ta miƙe?"

"Ba sosai ba."

"To je ka sare mini gawayi. Kowane guntu kamar kan babban yatsanka. In ka cika buhu uku ka dawo."

Mako biyu Shigeru ya yi yana saran gawayi. Da ya dawo, Nukui ya zuba hannu a buhu ya ɗebo, ya jefar da uku, ya ce sauran ba laifi. Sannan ya ara masa awartaki da guduma, ya ba shi guntun ƙarfen dogo ya yi uwar maƙera da shi. Ƙarfen aiki kuwa tsohon sifirin bas ne, Shigeru ya samo wurin masu gwangwan. Zuga-zugi ne ya gagara, sai tsohuwar na'urar busar da gashi ta Tomie ta maye gurbinsa.

"Ka toshe tagogi da baƙin ƙyalle," in ji Nukui. "A cikin haske ba za ka ga launin ƙarfe ba. In ya yi kamar gwaiduwar ƙwai, daka. In ya koma ja mai duhu, mayar wuta. In ka daki ƙarfe mai sanyi da gudumata, zan ji daga nan."

Ina so a lura da abin da wannan mutum ya yi kafin ya kunna ko ashana. Ya je ofishin 'yan kwana-kwana, suka zo suka duba ɗakin suka ba shi takarda. Ya sayi tukunyar kashe gobara guda biyu. Ya bi gidaje biyar mafi kusa da shi, kowanne da ɗan tawul a naɗe, yana ba da haƙurin ƙarar da za a riƙa ji. Ya kafa jadawali a bango: goma zuwa sha biyu, biyu zuwa huɗu, ban da Lahadi.

Wuƙar farko ta fara da kyau. Ya daki bakinta, ya daki bakinta, sai ya ga tsininta yana ɗaga kai sama. Ya ƙara duka don ta miƙe, ta ƙara lanƙwashewa. Kafin ƙarfe huɗu ta zama ƙaho.

Ya kai wa Nukui. Tsohon ya juya ta, ya kanne ido ɗaya.

"Kifin da za a yanka da wannan, a bayan kwana yake ɓoye?"

Shigeru ya rusuna ya ce ya gode da gyara.

"Kada ka yar da ƙarfe. Ƙarasa lanƙwasa ta, ka murɗa gindin ta ɗaya gefen, ta zama ƙugiya. Kuma ƙugiya ba a tsoma ta a ruwa, karyewa take yi. Binne ta a toka ta huce da kanta."

Ta biyu ma haka. Ta biyar haka. Tomie ta rataye tukwane, ta rataye lema, ta rataye tsintsiya da jakar cefane. Da aka kai ta goma sha biyu ta ce, "Baban Mika, abin ratayewa ya ƙare a gidan nan, sai dai in kai zan rataye." Amma ba ta hana shi ba. Ta lura ya daina yi wa firiji sanarwa, kuma yana cin shinkafa kwano biyu.

Yanzu sai shugaban ƙungiyar unguwa, Inomata Norio. Tsohon shugaban sashe ne a wani kamfanin inshora. An zaɓe shi ne saboda ranar zaɓe kowa ya sunkuyar da kai, shi kaɗai ya ɗaga nasa. Cikin mako guda ya buga wa kansa katin suna, ya ɗinko ƙyallen ɗaurawa a dantse. Na san shi tun yana aji huɗu, ni na koya masa lissafi. Ko a lokacin, in na fita na dawo sai in tarar ya rubuta sunayen masu surutu a allo, alhali ban sa shi ba.

Gidansa na cikin biyar ɗin da aka kai wa tawul. Matarsa ce ta karɓa. Ina da tabbacin da tawul ɗin yake goge fuska.

Ranar Talatar da na ambata, Inomata ya saki allon sanarwa. Kun san ƙa'ida: allo ya shigo gidanka, ka karanta, ka buga hatiminka a gefen sunanka, ka miƙa wa gida na gaba, ba ya kwana a hannun kowa. Ga abin da ya manna a kai, kalma da kalma:

"An lura wani gida mai jan rufi yana ƙona shara a bayan gida, abin da doka ta hana. Hujja: hayaƙi, tagogi a toshe da baƙin ƙyalle, da raguwar ledar shara daga biyu zuwa ɗaya. An sakaya suna don gudun kunyatarwa. Za a kaɗa ƙuri'ar rufe wurin a taron ranar yasar kwata, ashirin da biyar ga Mayu."

Gida ashirin da uku ne a unguwarmu. Ɗaya ne mai jan rufi.

Gidan Shigeru ne na goma sha bakwai a jeri. Allon ya iso a ranar, wajen ƙarfe uku na rana, ɗauke da jajayen hatimai goma sha shida. Tomie ta karanta a tsaye a bakin ƙofa, ta sake karantawa, sannan ta zagaya baya ta bubbuga ƙofar maƙera.

"Kashe mini na'urar gashina ka fito."

Ya fito fuska duk baƙin gawayi. Ya karanta. Kunnuwansa suka yi ja.

"Leda ɗaya!" in ji Tomie. "Yarinyarmu da ke cika mana ta biyu da kwalayen kwalliya ta yi aure a Maris ta tafi. Ai duk sun ci alewar bikin! Har maƙwabciyarmu Hatakeyama ta nemi ƙari!"

Shigeru ya dubi agogo. Ya shiga ciki, ya buɗe aljihun tebur, ya fito da hatimi.

"Me za ka yi?"

"Zan buga in miƙa."

"Za ka buga a takardar da ta ce kai mai ƙona shara ne?"

"Akwai gida shida a bayanmu, Maman Mika. In na riƙe, jeri ya makara."

"Jeri ya makara! Kai jama'a, ashe jadawalin bas na aura."

Ya hura hatimin, ya daidaita shi tsaf a tsakiyar akwatin sunansa, ya danna. Ya wanke hannu, ya kai allon gidan Hatakeyama da kansa, har da rusunawa.

Daga ranar unguwa ta canza masa. Gaisuwa ta gajarce. Masu rusuna masa har ƙugu suka koma gyaɗa kai. Uwargida Hatakeyama, wadda katanga ɗaya ce tsakaninsu, in ta hango shi sai ta hau kwashe shanya ko da maƙera a kashe take. Ranar fitar da shara kuwa, in ya ajiye ledarsa ya juya, sai ya ji ana ɗaga ta ana auna nauyinta.

Wannan mutum ne da ke wanke gwangwani kafin ya yar, ya ɓare takardar jikin kwalba, ya ɗaure tsofaffin jaridu da igiya kusurwa huɗu daidai. Abin ya ci masa rai ƙwarai, sai dai ba mai yawan magana ba ne.

Ranar Juma'a ya tarar da Inomata a wurin tara shara, da ƙyalle a dantse da ɗan littafi a hannu.

"Shugaba, barka da asuba. Ba shara nake ƙonawa ba, ƙira nake koyo. Don girmanka ka shigo ka gani, ko minti biyu ne."

"Ba sai na shiga ba, Malam Okudaira. Shekara talatin ina binciken gobara a kamfani. Daga nesa nake gane hayaƙi."

"Ina da takardar 'yan kwana-kwana."

"Ni ma ina da takarda." Ya zaro sanarwar daga jaka, ya nuna da bakin biro. "Wannan hatimin na wane ne? Na sha bakwai?"

"Nawa ne."

"To ka gani. Kai da kanka ba ka musa ba. Kuma tsakani da gaskiya, direban bas ina shi ina ƙira? Shekarunka sittin da uku. Ka nemi wasan ƙwallon tsofaffi mana."

Shigeru ya rusuna ya tafi. Da yamma ya naɗe awartaki da guduma a ƙyalle ya haye kogi.

"Baba, na dawo da kayanka. Za su rufe wurin."

Nukui ya juyo masa da mataccen kunnen. "Ka gama wuƙar?"

"Na ce za su rufe..."

"Wuƙar matarka nake tambaya. Ka gama?"

"A'a."

"Sun rufe yau?"

"Sai ashirin da biyar ga Mayu."

"To me kake yi mini a nan? Ɗauki kayan ka ba ni wuri, kana tare mini duhu."

Ya koma. Goma zuwa sha biyu, biyu zuwa huɗu, ban da Lahadi. Inomata yana laɓe a bayan shinge yana ɗaukar hoton hayaƙi, Shigeru yana ciki yana dukan ƙarfe, wuƙa tana ɗaga kai. Zuwa jajibirin taro ƙugiya ta kai talatin da ɗaya. Wuƙa ko ɗaya.

Lahadi, ashirin da biyar ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe. Kowane gida ya fito da mutum ɗaya ko biyu, da takalman roba da shebur da buhunan zuba laka. Yasar kwata ba wasa ba ce a wurinmu. In ba a yi ta kafin damina ba, ruwan Yuni sai ya shigo wa layi na uku har ƙofar ɗaki. Kwatar kuwa a rufe take da murafan kankare, kowanne kilo sittin, ba abin kamawa sai 'yar kafa a gefe. Kowace shekara shugaba ne ke zuwa hukumar gari wata guda kafin ranar, ya rubuta sunan unguwa, a ara mana ƙarafan ɗaga murfi.

Inomata ya hau kan dakali ya yi jawabi na minti tara a kan tsabta da bin doka, yana satar kallon jan rufi. Da ya gama, wani ya ce, "Shugaba, ina ƙarafan?"

Inomata ya hau laluben jakarsa.

Mako bakwai ya yi yana ƙirga leda da ɗaukar hoton hayaƙi. Bai je hukuma ba.

Mutum talatin da wani abu suka yi cirko-cirko da shebur a hannu. Inomata ya gyara ƙyallen dantsensa, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ƙarafan me? Iyayenmu da hannu suke ɗagawa. Ku matsa ku ga."

Murfin da ya fi kusa da shi, ba kowanne ba ne sai na ƙofar gidan Okudaira. Ya buɗe ƙafa, ya sunkuya, ya zura yatsu a kafar, ya ja. Murfin ya ɗago kamar taƙi ɗaya. Sai aka ji ƙas, ba daga kankaren ba.

"Wayyo ƙuguna!"

Murfin ya koma ya danne safar hannunsa da bakin hannun rigarsa. Yatsun sun tsira, amma hannu ya ƙi fita, baya ya ƙi miƙewa. Hatimin ƙungiya ya zame daga aljihun gaban rigarsa, ya bi ta kafar, aka ji tsulum a cikin laka.

Ga shugaban unguwa a lanƙwashe, kai a ƙasa, yana fuskantar ƙofar gida mai jan rufi. Ko a jana'iza ban taɓa ganin rusunawa mai zurfin wannan ba.

Maza biyu suka kama murfin da yatsa, ya ƙi motsi. Wani ya zura bakin shebur, shebur ya lanƙwashe. Wata ta ce a ja shi ta baya, Inomata ya yi ihu ya ce duk wanda ya taɓa shi sai ya kai ƙararsa.

Shigeru ya ajiye shebur ɗinsa. Tomie ta riƙe masa hannun riga.

"Ina za ka?"

"Ƙugiyoyi."

"Haba Baban Mika, saurin me kake? Bar shi ya ƙara minti biyar. Tun da muka tare a unguwar nan bai taɓa gaishe mu haka ba."

"Yana jin ciwo, Maman Mika." Ya dubi agogo. "Kuma aiki ya makara minti ashirin."

Ya ɗaga murya, abin da ba a saba ji ba. "Maza huɗu su biyo ni."

Maza huɗu suka bi shi. Uwargida Hatakeyama ta zama ta biyar ba tare da an kira ta ba, wasu kuma suka biyo bayanta. Shigeru ya buɗe ƙofar maƙera, ya yaye baƙin ƙyallen taga, haske ya shiga.

Suka tsaya suna kallo. Ƙasa a share tas. Gawayi a cikin akwatuna uku, kowane guntu kamar an auna da ma'auni. Guntun ƙarfen dogo a kan kututture, guduma da awartaki a jere. Tukunyar kashe gobara biyu, bokitin ruwa, bokitin yashi. A bango ga jadawali, ga takardar 'yan kwana-kwana a cikin firam. Ga kuma ƙugiyoyi goma sha tara a rataye, kowacce da lambarta da ranar da aka yi ta.

Hatakeyama ta leƙa murhu, ta leƙa bayan ƙofa, har ta ɗaga murfin bokiti.

"To... ina sharar?"

"Tana gidan mijinta," in ji Tomie daga baya. "Ba ke kika nemi ƙarin alewa ba?"

Hatakeyama ta rufe bokitin a hankali.

Tomie ta shiga kicin ta sauke tukwane da lema da tsintsiya, ta kawo sauran goma sha biyun. Ta zare gorar shanyarta ta miƙa. Shigeru ya zura ƙugiya biyu a kafar murfin, ya ratsa gora ta samansu, ya sa mutum biyu a kowane gefe.

"Ba za su karye ba?" wani ya tambaya.

"Sifirin bas ne, kuma a toka suka huce. Ku durƙusa da gwiwa, ban da baya. Shugaba, hattara, za a buɗe ƙofa. Ɗaya, biyu!"

Murfin ya tashi kamar faifai. Inomata ya zare hannu, amma bayan bai miƙe ba. A haka aka ɗora shi a baro, a lanƙwashe, aka tura shi ɗakin taro. Na duba agogo, minti goma sha ɗaya cur ya yi a ƙofar gidan.

Kowane gida ya kawo gorar shanyarsa. Aka rarraba ƙugiyoyi, aka kasu rukuni-rukuni, Shigeru yana bi yana ƙirga musu ɗaya, biyu. Murfi ɗari da arba'in aka ɗaga aka mayar, ƙugiya ko ɗaya ba ta buɗe baki ba. Ƙarfe sha ɗaya saura minti biyar aka gama, abin da ko da ƙarafan hukuma ba mu taɓa yi ba. Hatimin ƙungiya kuwa a shebur ɗin Tomie ya fito. Ta wanke shi a famfo, ta naɗe a ɗan tawul irin wanda suka raba, ta ajiye wa Inomata a gaban hancinsa.

A kwance ya jagoranci taro, a gefe ɗaya kan tabarma, da matashi tsakanin gwiwoyi.

"Batu na ɗaya, yasar kwata, an kammala. Batu na biyu..." Ya yi tari. "An ɗage."

"Zuwa yaushe, Shugaba?" in ji Tomie.

"An... janye."

Sai wani tsoho daga layi na ɗaya ya ce shi yana da shawara. Tun da aron ƙarfe yana da wuyar tunawa, me zai hana a roƙi Malam Okudaira ya ƙera wa unguwa nata, dogaye masu mariƙi? Hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Na Inomata ne kawai bai tashi ba, ya ce a kansa yake kwance.

Shigeru ya miƙe ya rusuna. Ya ce zai yi, amma a sani shi ɗan koyo ne, wuƙa yake nufi duk lokacin da ƙugiya ta fito. Aka yi dariya, irin wadda ake yi tare da mutum.

Da aka zo tattara ƙugiyoyi, tara kawai suka dawo. Sauran suna kicin-kicin na unguwa har yau. Ɗaya tana gidan Inomata, da ita yake jawo takalmi, don mako uku ya yi ba ya iya sunkuyawa.

Washegari Shigeru ya haye kogi ya ba Nukui labari. Tsohon ya juyo da kunne mai ji, ya saurara har ƙarshe. Sannan ya sa guntun ƙarfe a wuta, ya ciro, ya lanƙwasa shi gaba, wajen bakin, tun kafin ya fara fitar da kaifi.

"Duba. Bakin da kake duka faɗi yake yi, shi ke tura kan sama. Sai ka fara sunkuyar da ita tukuna. Kana duka tana ɗagowa, har ta tsaya daidai."

Shigeru ya dubi ƙarfen. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Baba, wata uku! Me ya hana ka gaya mini tun farko?"

"Ka tambaya? Kullum sai ka rusuna ka ce ka gode." Ya mayar da ƙarfen wuta. "Kuma da na gaya maka, da me za ku ciro shugabanku?"

Ranar Asabar, ashirin da ɗaya ga Yuni, ana tsuga ruwan damina kwata tana gudu ba tangarɗa, Shigeru ya shigo kicin da abu a naɗe a ƙyalle. Tomie ta buɗe. Wuƙa ce, miƙaƙƙiya, baƙa, jikinta duk sawun guduma, ƙotar ta ɗan karkace. Ta ɗauko kifi ta ja sau ɗaya, ya rabu biyu.

"Kaifi akwai," in ji ta. "Kyau ne dai babu."

"Zan sake wata."

"Wa ya ce ka sake? Ai ta yi kama da mai ita." Ta goge ta, ta rataye a ƙugiya mai lamba ɗaya. Ta daɗe tana gyara mata zama, ba ta juyo ba.

Da a nan maganar ta ƙare, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma ga abin da Inomata ya manna a allon sanarwa na watan Yuni: "An kammala yasar kwata lafiya. Ana godiya ga duk wanda ya ba da gudummawa." Ko kalma ɗaya a kan jan rufi babu. Abin da ya yi kawai, ya aiko matarsa da kwalin biskit ɗin shinkafa ta ƙofar baya.

Na sami Shigeru na ce wannan bai isa ba. Ya ce, "Malama, a bar maganar. Ai ya rusuna, minti goma sha ɗaya a ƙofar gidana."

Wannan ciwon baya ne, ba ban haƙuri ba ne.

Shi ya yafe, halinsa ke nan. Ni ban yarda a ɓata sunan mutum ta ƙofar gaba a zo a gyara ta ƙofar baya ba. Kuma ba Inomata kaɗai nake nufi ba. Hatimi ashirin da uku ne a kan waccan takarda. Na tara nawa ne. Na buga ina tsaye, tukunya a wuta, ban taka ƙafa na je na duba ba, alhali taku sittin ne tsakanina da maƙerar. Ni na riga na je na rusuna, kuma bayana lafiya lau yake.

Saboda haka ga abin da nake nema, Inomata Norio. Ka rubuta cewa gida mai jan rufi bai taɓa ƙona shara ba, kai ne ka faɗa ba tare da ka duba ba, kuma kana ba Okudaira Shigeru haƙuri. Wannan karon a rubuta suna. Ka manna a kan allon nan dai, ya bi jerin nan dai, gida ashirin da biyu su buga hatimi a ƙasa. Gida na sha bakwai kaɗai aka ɗauke wa. In allon ya iso can, su riƙe shi ya kwana.

Darasi: Kada ka yanke wa maƙwabcinka hukunci daga bayan shinge alhali ƙofarsa a buɗe take, kuma kada ka sa hannunka a kan maganar da ba ka bincika ba. Kada ka raina mai koyo, kuskurensa na yau yana iya zama abin da zai cece ka gobe. Wanda ka ɓata a gaban jama'a, a gaban jama'a za ka ba shi haƙuri. Ku tura wannan ga 'yan'uwa da maƙwabta, ku yi ta turawa har ya isa wayar mai ƙyalle a dantse.